Dankalin ado: shukar da ke bin uwargida duk gidan hayar da ta koma

Ranar da na fara ganinsa ban gane dankali ba ne. A Kumasi ne, unguwar Aboabo, gidan wata dattijuwa da muke sauka wajenta in biki ko rasuwa ta kai mu garin. Tsakar gidan siminti ne kaf, babu inda ƙasa ta leƙo ko da faɗin tafin hannu, amma ga wani ganye ya zubo daga kan katangar barandarta har yana neman taɓa ƙasa. Rabinsa kore ne mai haske, kamar ɓawon lemun tsami da ya fara nuna. Rabin kuma duhu ne, ruwan zoɓon da aka dafa ya yi kauri. Na ajiye jakata na tsaya ina kallo.

Na ce, "Hajiya, wannan fulawar daga ina aka kawo miki ita?"

Ta yi dariya har da riƙe ƙugu. "Wace fulawa, 'yar nan? Ashe birni ya cinye ki haka? Matsa ki duba da kyau, ke da kika tashi a bakin fadama."

Na matsa na ɗaga yaɗon. Ga gaɓoɓi a jikin karan, kowace da 'yan jijiyoyi farare suna neman ƙasa. Na tsinke ganye ɗaya, farin ruwan nan mai danƙo ya tsatso ya manne min a yatsa. Kunya ta kama ni. Dankali ne, dankalin Hausa, wanda tsofaffinmu a ƙasar Madawa ke ce wa kudaku, wanda muka yi ta haƙa da ƙuruciya muna gasawa a toka. Kayan jikinsa kawai ya canza.

Da zan koma Akara ta yanko min rassa uku ta naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma. Tun daga ranar mun canza gida sau uku, har da tashin da muka yi bayan an mayar da kasuwar albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a 2021, da maigida ya ga zirga-zirgar ta yi masa nisa. A wannan tashin ƙafar gado ta karye, madubin sif ya fashe, amma dankalin Hajiya ya iso lafiya lau, domin ko bokitinsa ban ɗauka ba. Rassa shida na yanka na jefa a leda, bayan wata ɗaya ya rufe min tagar sabon ɗaki.

Abin da ya sa nake ganin babu shukar ado da ta dace da mu mazauna zango kamar wannan ke nan. Duk wadda ta zauna a Nima ko Mamobi, ko Birketiri a Yawunde, ko New Bell a Duwala, ko Zangon Kwatano, ta san yadda zaman yake. Ɗaki ɗaya ko ciki da falo, tsakar gida na kowa da kowa, mai gida ya karɓi kuɗin shekara ɗaya ko biyu gaba, ranar da wa'adi ya cika kuma ba ki san abin da zai ce ba. Wa zai dasa mangwaro a gidan da bai san ko baɗi yana ciki ba? Sai mutum ya shekara goma bai shuka ko tsinke ba, yara su tashi ba su san yadda jijiya ke fita ba, ido kuma ba ya ganin komai sai siminti da kwano da igiyar shanya. Dankalin ado ba ya neman fili, ba ya neman kuɗi, ba ya jin haushi in an tashe shi. Bokitin fenti da ya ƙare ya ishe shi gida.

Daga ina wannan launi?

Da farko dai, shi kansa dankalin da muke ce wa na Hausa baƙo ne kamar mu. Asalinsa nahiyar Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, 'yan Fotugal suka kawo shi gaɓar Afirka a ƙarni na 16, ya bi hanya har ya iso fadamunmu ya zama ɗan gida. Shi da dankalin Turawa sunan kawai suka haɗa, ba dangi ba ne. Danginsa na jini su ne irin su duman rafi, wannan mai yaɗo a bakin gulbi da fure kamar bakin kakaki. Shi ya sa in dankalinki ya yi fure, abin da ba kullum yake yi ba, za ki ga kamarsu ɗaya.

Manomi yana zaɓar iri ne saboda abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Masu lambun furanni a Amurka da Turai kuwa suka juya abin, suka riƙa ware waɗanda ganyensu ya fito da wani launi dabam suna yaɗa su. Jami'ar Jihar North Carolina, jihar da ta fi kowace noman dankali a Amurka, ta shiga aikin gadan-gadan, a farkon shekarun 2000 ta fitar da jerin irin da ake kira Sweet Caroline, masu launi iri-iri da yaɗo gajere wanda bai cika mamaye wuri ba. A can sanyin ƙanƙara yana kashe shi duk shekara, sai su sake saye. Mu nan Allah ya hutar da mu, shekara zagaye yana raye muddin ya sami ruwa.

Iri uku aka fi cin karo da su wajen masu sayar da furanni a bakin titi. Akwai mai koren lemun tsamin nan, ganyensa faffaɗa, da siffar zuciya ko ɗan kusurwa-kusurwa, sunansa Margarita, wasu su rubuta Marguerite. Wannan shi ne ɗan ƙarfi a cikinsu. In ya sami taki da ruwa yaɗonsa kan kai mita 2 zuwa 3 cikin 'yan watanni, kuma ba shi da kunya, duk abin da kika shuka kusa da shi sai ya hau kansa. Akwai Blackie, mai duhun zoɓo, ganyensa a tsattsage kamar yatsun hannu. Duhun nan daga wani sinadari ne mai suna antosayanin, shi ne dai ke ba zoɓo da jar albasa launinsu. Na ukun shi ne Tricolor, mai kore da fari da ruwan hoda a ganye ɗaya. Ya fi su kyau a hoto, ya kuma fi su shagwaɓa: girmansa a hankali, rana mai zafi tana ƙone masa farin wurin, kuma lokaci-lokaci yakan fitar da reshe kore zalla. In kin ga wannan reshen ki yanke shi nan take, in ba haka ba zai fi sauran ƙarfi ya cinye bokitin, ki wayi gari da dankali irin na kowa.

Ni dai shawarata, wadda ba ta taɓa yi ba ta fara da Margarita da Blackie. Kuma ta raba musu bokiti. Na gwada haɗa su wuri ɗaya don in sami irin na Hajiya, koren ya danne baƙin cikin mako shida. Ashe ita bokiti biyu ta jera kusa da juna, yaɗon ne ya haɗu a kan katanga.

Wajen saye, kada ki wahalar da kanki da sunaye, yawancin masu sayarwar ba su san su ba. Ki nuna hoto a waya ya fi. Kafin ma ki kai ga saye ki leƙa maƙwabta, domin ana shuka shi a gaban otal-otal da ofisoshi da gidajen masu hali, kuma duk mai kula da lambu yana yanke shi yana zubarwa saboda yawan yaɗo. Sallama da gaisuwa mai kyau sukan samar miki abin da za ki biya kuɗi a kai.

Dashe

Yadda manomi ke dasa nasa haka ake dasa wannan. Ki yanki kan reshe, wato wajen toho, tsawon taƙi ɗaya da ɗan ƙari, kamar santimita 25 zuwa 30. Dalilin da ya sa kai ake ɗauka ba gindi ba, ƙwaron dankali a tsohon kara kusa da ƙasa yake saka ƙwai, kan reshe ya fi tsabta kuma ya fi saurin kamawa. Ki cire ganyen ƙasa, ki bar uku ko huɗu a sama, ki binne gaɓa biyu zuwa uku a cikin ƙasa mai laima, ki ajiye a inuwa kwana uku ko huɗu. Zai yi yaushi kamar ya mutu. Ki ƙyale shi, kada ki tono don ki duba. Cikin mako guda zai miƙe.

Ƙasar kuwa, kada ki ɗebo laka zalla, takan daskare ta riƙe ruwa. Ki haɗa ƙasa mai kyau da yashi da ruɓaɓɓen taki, kashin awaki ko na shanu wanda ya bushe ya huce. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone jijiya, na yi asarar bokiti guda a kansa. Ki huda gindin bokitin wuri huɗu ko biyar da ƙusa mai zafi. Wannan hudar ita ce rabin aikin, domin dankali yana jure ƙishi fiye da yadda yake jure zama cikin ruwa. Bokitin fenti babba, jarkar mai da aka yanke aka wanke, tsohuwar roba, buhun shinkafa da aka naɗe bakinsa, duk suna yi. Wani abin dariya, manomi yana tsoron taki ya yi wa dankali yawa don kada ya tafi a ganye ya ƙi yin 'ya'ya. Mu kuwa ganyen muke nema. In kina da takin zamani irin 15-15-15, ƙaramin cokali ɗaya a gefen bokiti, nesa da kara, sau ɗaya a wata ya wadatar.

Akwai masu fara shi a kwalbar ruwa, kuma yana da daɗin kallo, musamman ga yara, don cikin 'yan kwanaki za su ga fararen jijiyoyi suna fitowa daga gaɓa. Autana har ma'auni ya riƙa yi da tsinken tsintsiya kullum da safe. Amma a nan fa akwai maganar da ba wasa ba. Ruwa mai tsabta da ya kwana a kwalba ko faranti shi ne gidan sauron nan mai zane fari da baƙi a ƙafa, mai cizo da rana, wanda ke yaɗa zazzaɓin dengi. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne kawai. 'Yan uwanmu na Burkina Faso sun ga abin da wannan zazzaɓi ya yi a 2023, a shekarar ce kuma Cadi ta sanar da ɓullarsa a Abeche. Don haka in za ki sa a kwalba, ki zubar da ruwan ki wanke kwalbar duk bayan kwana biyu, kuma da jijiya ta kai tsawon ɗan yatsa ki mayar da shi ƙasa. Haka farantin da ake sawa ƙarƙashin bokiti don kada ruwa ya ɓata wa mai gida siminti: ki riƙa juye shi, ko ki cika shi da yashi. Adon da zai kwantar da yaro a asibiti ba a bukatarsa.

Maganar ruwan ban-ruwa, na san a zango ruwa saye ake yi, babu mai zuba wa ganye ruwan jarka. Ni bokitina ɗaya yana daidai inda muke alwala, ɗayan kuma ruwan wankin shinkafa da na ganyen miya yake sha. Wanda ba a zuba masa shi ne ruwan omo da na bilic da ruwan da aka wanke kifi mai gishiri. Ki tura yatsa cikin ƙasar, in kin ji ta bushe har gaɓar farko, lokacin ba shi ruwa ya yi.

Inda za ki ajiye shi ya danganta da garin da kike. Launin yana fitowa ne da rana. A inuwa mai yawa Blackie yakan koma kore-kore, Margarita kuma ya rasa haskensa, rassan su yi tsawo sirara suna neman haske. A Akara da Lome da Kwatano rana ta safe zuwa azahar ta ishe shi. A Duwala, inda ruwan sama ba ya ɗaga ƙafa wata da watanni, matsalar ruɓewa ce, sai a ƙara yashi, a ɗora bokitin kan bulo, a janye shi daga bakin indararo. A irin wannan laima kuma wani lokaci za ki ga ƙuraje farare kamar gishiri a jikin ganyen. Ba cuta ba ce, ruwa ne ya yi wa ganyen yawa ga ƙarancin rana, in ya sami iska da haske sabon toho zai fito lafiya. Su kuwa na Njamena da Marwa da Garwa, a watan Afrilu rana ta yamma da zafin da katanga ke fitarwa suna iya dafa bokitin roba da jijiyar da ke ciki. Sai a kai shi gabashin ɗaki, a rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa, a ba shi ruwa safe da yamma.

Wani abu da mutane ke mantawa, ba ya hawa da kansa kamar yadda duma ko soso ke kama igiya. Zubowa yake yi. In kina so ya rufe taga ko shinge sai kin ɗaure shi da zare. Ni na fi son a ɗora shi sama ya zubo, a kan katanga ko a rataye a jikin ginshiƙin baranda. In ya yi tsawo ki tsinke kan, zai fitar da rassa biyu ko uku a madadin ɗaya, ya cika ya yi duhu. Abin da kika tsinke kuma iri ne.

Ragon maƙwabci

Babban abokin gabansa a zango ƙafa huɗu gare shi. Ganyen dankali abincin dabba ne na gaske, manoma har harawarsa suke ajiyewa. Wata shekara ana saura kwana tara Babbar Sallah maƙwabcinmu ya ɗaure ragonsa a tsakar gida, igiyar ta yi tsawo. Na dawo daga kasuwa na tarar da bokiti biyu tas, sai kututture. Raina ya ɓaci matuƙa, har na ɗaga murya, matarsa ta fito, magana ta soma tsawo. Maigida ne ya ja ni ɗaki ya ce, "Haba, ke kuwa, a kan ganye za ki ɓata zumuncin shekara huɗu? Wa ya ce ki ajiye a ƙasa?" Gaskiyarsa ce, ko da yake a ranar ban yarda ba. Bayan mako uku kututturen ya sake tohowa, ya ma fi na da cika. Ranar Sallah kuma aka aiko mana da cinya, yara suka ce ai ganyenmu ne ya dawo. Tun daga nan duk bokitaina a sama suke. Ajiye shi sama yana kuma hana ɓera tono gindin, yana hana yaɗon kwanciya a bakin kwata.

Ƙananan maƙiyan kuwa, wanda za ki fara gani shi ne wani ɗan ƙwaro kamar ƙaramin kunkuru, bayansa na sheƙi kamar zinariya. Shi ke huda ganyen zagaye-zagaye. Ba ya kashe shuka, muni kawai yake sa ta. Ki sa yara su tsince shi da safe. Akwai farin ƙuda, ƙanana ƙwarai, suna maƙale a bayan ganye, in kin girgiza su tashi kamar gari. A hunturu kuma in ganye ya yi ɗigo-ɗigo ya koɗe, ga 'yar yana siririya a bayansa, wasu ƙananan ƙwari ne dangin gizo-gizo da ke son ƙura da bushewa. Duka biyun maganinsu wanke bayan ganye da ruwa, sannan a fesa ruwan sabulun salo kaɗan, ko ruwan da aka jiƙa dakakken ganyen dogon yaro ya kwana. A yi da yamma, a kuma gwada a ganye biyu tukuna, don in sabulun ya yi yawa yana ƙuna. Kada ki yarda ki fesa masa maganin sauro na gwangwani, ko maganin ƙwarin gona a tsakar gidan da yara ke rarrafe.

Wanda ba shi da magani shi ne in kin ga sabon ganye yana fitowa ƙanƙane, a murɗe, shukar ta tsumbure ta ƙi gaba. Wannan cutar bairos ce, farin ƙuda da darɓa ke ɗaukar ta daga wata shuka zuwa wata. Ki tuge ki ƙone, kada ki ba kowa iri daga jikinta.

"To, ana ci?"

Duk baƙuwar da ta shigo gidana sai ta yi wannan tambayar, maigida ma ita ya fara yi. Amsar ita ce, yana yin 'ya'ya a ƙasa, Margarita ma manya yake yi, har su cika bokiti su tsage shi. Ba guba ba ne, dankali ne. Amma kama da wane ba wane ba ce. Ba a zaɓe shi don baki ba, na dafa na ɗanɗana, salam yake, gari-gari, wani har da ɗan bauri. Sannan in daga wajen masu furanni kika sayo, ba ki san irin maganin da aka fesa masa ko aka zuba a ƙasarsa ba, tunda su ba abinci suke ɗaukarsa ba. Wannan na farkon kada a ci ganyensa ko 'ya'yansa, kada kuma a ba dabba. Haka duk dankalin da kika tono kika ga ƙwaro ya yi masa ramuka baƙaƙe, ɗaci gare shi, na ci ne ko na ado, zubarwa ake yi. Ruɓaɓɓe mai fumfuna kuwa yana iya illata dabba.

In kina son ado da miya a bokiti ɗaya, hanya mai sauƙi ce: ki shuka na ci. Ki sami dankalin kasuwa lafiyayye, ki binne rabinsa a ƙasa mai laima, zai fitar da toho da yawa, ki ɓalle su ki dasa. Wasu irin namu na gida ma sabon ganyensu shunayya ne, kyansu bai gaza ba. Ganyen kuma miya ce mai kyau. Mutanen Saliyo da Laberiya da Gini da muke haɗuwa da su a kasuwa, miyar ganyen dankali da manja tana cikin manyan abincinsu, mu ne dai muka bar wa awaki. Ki tsinki matasan ganye, ki yanka ƙanana, ki yi da shi yadda kike yi da alayyahu, yana da ɗan yauƙi kaɗan mai daɗi.

Ga mai yara ƙanana kuma, in za ta shuka na ci, ta nemi mai cikin ruwan goro, domin yana ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai taimakon ido da garkuwar jiki. A Gana akwai irin da ake kira Apomuden, a Najeriya akwai Mother's Delight da King J. Aikin yaɗa irin wannan dankali a Afirka ne ya sa Maria Andrade da Robert Mwanga da Jan Low suka shiga cikin waɗanda aka ba Kyautar Abinci ta Duniya a 2016. Sai dai kada ki sa rai da yawa a bokiti. Buhu babba ya fi, kuma abin da za ki haƙa na marmari ne, na yara su ga abin da suka shuka da hannunsu.

Sai maganar tafiya gida, wadda ta shafe mu mu 'yan kan hanya fiye da kowa. Na sha jin zuciyata tana raya min in naɗe rassa a tsumma in kai wa Inna can Madawa. Ban yi ba, kuma ina roƙon maigida da direbobin manyan motocinmu su ma kada su yi. A ƙa'ida, ƙetare iyaka da ɗanyen tsiro yana bukatar takardar shaidar lafiyarsa daga hukumar da ke kula da wannan, irin su PPRSD a Gana da NAQS a Najeriya. Ko da babu wanda ya buɗe jakarki a boda, reshen da ke da kyau a ido yana iya ɗauke da bairos ko ƙwan ƙwaro, ga shi kuwa 'yan uwanmu a gida da dankalin fadama suke rufa wa kansu asiri. Hoto na tura wa Inna ta WhatsApp, ta ce yana da kyau, amma me ake yi da dankalin da ba a ci?

In kuma tafiyar ta wata biyu ce ko uku, babu wanda za ki bar wa amanar ban-ruwa, akwai dabara. Cibiyar Dankali ta Duniya, CIP, mai hedkwata a birnin Lima na ƙasar Peru, tana koya wa manoman wuraren da rani ke tsawo, har da arewacin Gana, su adana iri ta hanyar binne lafiyayyun 'ya'yan dankali a cikin busasshen yashi mai sanyi a roba, a ajiye a ɗaki, in damina ta kusa a fito da su a shuka a ba su ruwa su yi toho. Na ado ma haka yake karɓa. Ki juye bokitin, ki zaɓi 'ya'yan da ba su da rauni ko huda, ki bar su su sha iska a inuwa, ki jera a roba ba tare da sun taɓa juna ba, ki rufe da yashi, ki tura ƙarƙashin gado. Ko ba tafiya ma, shekara-shekara yana da kyau a juye bokiti a sake ƙasa a dasa sabon kai, domin in 'ya'yan sun cika wurin ganyen yakan ƙanƙance.

Bara Hajiyar Aboabo ta yi jinya mai tsawo, gidan ya rikice, babu wanda ya tuna da baranda, nata ya bushe ƙurmus. Da na je gaishe ta bayan ta sami sauƙi, na tafi mata da rassa biyar a jiƙaƙƙen tsumma, jikokin nata na asali. Ta warware, ta ɗaga Blackie ɗin wajen haske tana juya shi.

Ta ce, "Wannan ai ya koɗe, 'yar nan. A ina kike ajiye shi?"

Na ce bayan ɗaki ne, wajen tankin ruwa.

"Inuwa ta yi masa yawa. In kin koma ki matsar da shi gabas. Miƙo min wancan bokitin, ki ce wa yaran nan su ɗebo yashi."